Taurarin Shingen Baya

Merv Hosking mutum ne da za ka wuni tare da shi ka tashi ba ka ji kalma ashirin daga bakinsa ba, goma daga ciki kuma a kan ruwan sama. Shekararsa saba'in da huɗu, dogo ne siriri, rana ta gasa masa ƙeya har ta yi tsaga-tsaga kamar ƙasan tafki da rani. Duk faɗin rairayin nan na arewa da garin Moora an san shi da abu guda, wato idon tumaki. A koro masa ɗari biyar ta 'yar ƙofar tantancewa, yana tsaye da hannu ɗaya a kan ƙyaure, wannan dama, waccan hagu, ko ƙifta ido ba ya yi. Wadda ta rame, wadda ƙafarta ta karkace, wadda gashinta ya yi sako-sako, duk hagu suke yi, hagu kuwa motar mahauta ce. Ba a taɓa jin ya mayar da wadda ya fitar ba.

Yana ɗan shekara ashirin da uku ya zo nan, lokacin da gwamnati ke raba daji ga duk mai ƙarfin sharewa, da sharaɗin in bai share ba a karɓe. Daji dai suna ne kawai. Yawancinsa bai wuce ƙugun mutum ba, 'yan itatuwa ne masu ƙaya da ganye kamar allura a kan farin rairayi. Akan ɗauko katafila biyu a ɗaura musu sarƙar jirgin ruwa a tsakani, su ja, duk abin da ke tsaye ya kwanta. In ya bushe a cinna masa wuta, a bi da garma da taki, a zuba alkama. Shekara huɗu Merv da amaryarsa Nola suka yi a rumfar kwano kafin su ga ɗaki mai silin.

Nola gajera ce, 'yar ma'aikacin jirgin ƙasa, kuma duk maganar da Allah ya hana mijinta ita ya ba. Ranar da sarƙa ta doshi kusurwar baya ta gonar, ita ta kai wa direbobin abincin rana. Ta zuba musu shayi, ta yanka musu kek, ta ce ai maigidan ya ce a bar wannan kusurwar. Da yamma ta ce wa Merv direbobi sun ce rairayin can ya yi zurfi, katafila za ta kafe. Ba a gane ƙullin da ta yi ba sai da motocin suka yi nisan kwana biyu. Eka arba'in suka tsira a haka. Merv bai yi faɗa ba, sai dai tun daga ranar yake kiran wurin gonar Nola, yana cewa ita ce gona ɗaya tak da bai taɓa samun ko buhu guda a cikinta ba.

Wanda ya san ƙasar nan ya san yadda dajinta yake. Nan kudancin duniya ne, lokutan shekara a juye suke. Bayan ruwan hunturu, a watan Satumba, komai ya yi fure a lokaci guda, mutanen birnin Perth su cika hanya da motoci suna durƙusawa a bakin kwalta suna ɗaukar hoto. Kafin Nuwamba ta ƙare an watse, daji ya koma toka-toka kamar ba shi ba. To sai a Disamba, a tsakiyar zafin da ko ƙuda neman inuwa yake, wani ɗan itace yake buɗe nasa shi kaɗai. Tauraro ake ce masa, don furen kunnuwa biyar gare shi masu tsini, ruwan hoda mai ɗan duhu, da gashi rawaya a tsakiya. Kowace Disamba Nola takan taka har shingen baya da sassafe, ta dawo da dami ɗan kaɗan ta sa a kwalbar jam ɗin shafa wa burodi a tsakiyar tebur.

"Merv, ka zo ka gansu mana. Bana sun fi na bara."

"Uhm."

"Uhm ɗin nan naka ba amsa ba ce, kukan rago ne."

Disamba watan girbi ne. A watan nan namijin ƙasarmu ba ya ganin komai sai alkama da sararin sama, ko gidansa ne ke ci da wuta sai ya ƙarasa layin da ya ɗauko. Wannan gaskiya ce, ba zan hana shi ita ba. Amma kusan shekara hamsin fa ake magana, tafiyar kuwa ba ta kai ta rabin awa ba. Iyakar sanin da Merv ya yi wa tauraro shi ne kwalbar da yake turewa gefe in zai ɗauki gishiri.

Ciwon Nola a hankali ya shigo. Ta fara da zuba shayi a kwanon kare, daga nan ta riƙa tambayar uwarta da ta rasu tun tuni. Ranar da wani direban babbar mota ya tsince ta a kan hanya da rigar barci, kilomita shida daga gida, ɗansu Darryl ya ce magana ta ƙare. Aka kai ta gidan kula da tsofaffi a gari. Maƙwabta suka zuba ido su ga tsohon ya rushe, mata suka yi ta aiko masa da abinci a rufe. Bai rushe ba. Abin da ya same shi ya fi kama da abin da ke samun baki in likitan haƙori ya yi allura: yana taɓa wurin da harshe, ya san nasa ne, amma ba ya jin komai. Ba baƙin ciki, ba kewa, ba fushi. Yakan ci abinci a tsaye a bakin wurin wanke-wanke, ya ba kare saura. Ran Lahadi ya sa riga mai tsabta ya tuƙa akori-kurarsa kilomita tamanin, ya zauna kusa da ita awa guda.

"Bawan Allah, famfon ka zo gyarawa?"

"A'a, Nola. Merv ne."

"Yana gona ai. Ka jira shi."

Bayan minti biyar ta sake tambayar famfo, shi kuma ya sake amsawa da murya iri ɗaya. Haka aka yi shekara biyu.

Sai ga takarda daga ƙaramar hukuma a farkon Oktoba. A nan kowa ya san dokar: kafin zafi ya shigo sai mai gona ya bi gefen shingensa da garma ya fitar da hanyar wuta, ƙasa zalla ba ko tsinke, don in gobara ta taso ta sami inda za ta tsaya. Shingen baya kaɗai Merv bai taɓa yi wa ba, don bayansa filin maƙwabci ne da tumaki suka cinye tas. Yanzu maƙwabcin ya sayar, masu sayen sun dasa itatuwan katako. Takarda ta ce mita uku ta cikin shingen, daga turke zuwa turke, kafin ranar ƙarshe ta Oktoba. Shingen nan kuwa kilomita ɗaya da ɗoriya ne, duk a jikin gonar Nola.

Darryl, wanda yanzu shi ke riƙe da noman, ya karanta takardar a tsaye ya ajiye. "Aikin awa biyu ne, Baba. Gobe in yi shi kafin karyawa."

"Taurarin uwarka na bakin shingen nan."

"Ta wajen ina?"

Merv ya dubi kare. Kare ya dubi Merv.

"Baba, ta wajen ina?"

"Kai ba ka taɓa binta ba?"

"Ni? Tun ina shekara goma sha biyu ka ɗora ni a kan motar kwasar alkama. Yaushe zan bi ta?" Darryl ya sosa kai. "To ka tambayi matan nan masu ƙungiyar furanni a gari mana. Minti biyar su nuna maka."

"In je in ce musu me? Ga mijin Nola Hosking, bai san itacen matarsa ba?"

"To ai ba ka sani ɗin ba."

"Ba zan je ba."

An ce matambayi ba ya ɓata, amma ba a ce dole kowa ya zama matambayi ba. Merv ya gwammace ya je wurin Kerryn, ma'aikaciyar hukuma mai duba hanyoyin wuta, wadda ya sani tun tana goye. Ya same ta tana loda kejin kare a bayan mota.

"Baba Merv, ni ba ruwana da miƙaƙƙen layi," in ji ta. "In akwai abin da kake so ka tsirar, ka kewaye shi ta ciki. Wuta ba ta zuwa da igiyar awo. Ni dai in ga ƙasa mita uku ba yankewa, in ba haka ba in turo mai garma ya yi maka, shi kuwa ba ya kewaye ko kabarin kakarsa."

"Ke kin san itacen in ba fure?"

"Haba Baba! Ni karnuka da gobara aka ɗauke ni. Ka tambaye ni wane kare ya ci kazar wa, yanzu in faɗa maka."

Washegari ya taka zuwa shingen baya. Shi ne karo na farko da ya shiga gonar Nola da ƙafa ba don neman ɓatacciyar tunkiya ba. Waɗanda ke da sauran fure a jikinsu ya san ba su ba ne, ya wuce su. Saura kuwa, ya ilahi, duk kansu ɗaya a idonsa: kore mai toka, ganye ƙanana, ba mai cewa ga ni. Ya tsaya ƙudaje na bin bayan rigarsa. Can dabara ta zo masa, irin ta mai tumaki. Ya koma rumfa ya ɗauko kwalin ragowar lambobin kunne, waɗanda ake maƙala wa 'yan raguna, ya ware su biyu-biyu. Duk itacen da ya zaɓa ya ɗaura masa lamba, ya yanki reshe ya ɗaura wa reshen irin lambar. In Nola ta manta mijinta, wataƙila ba ta manta wannan ba.

Ya zaɓa kamar yadda ya saba zaɓe. Abin da mace za ta yi ta tafiya dominsa shekara da shekaru, ai dole ya zama abin kallo. Ya bi masu cika, masu kauri, waɗanda suka tsaya da kyau. Wajen tsakiyar shingen, inda rairayi ya fi fari, akwai wasu 'yan tsiraru marasa fasali, rassa kamar tsintsiyar da ta ƙare, ganyen ko ƙwayar shinkafa ta fi shi. Bai ko sunkuya ba. Kafin azahar ya tara reshe talatin a bokiti.

Ran Lahadi Marisol, mai kula da ɓangaren su Nola, ta tare shi a ƙofa tana dariya. "Baba Merv, yau itacen girki ka kawo mana? Ai da lantarki muke dahuwa."

"Na Nola ne."

"To shigo da shi, amma in tururuwa ta cije ni kai za ka yi sharar."

Ya baje rassan a kan tebur ɗin gadonta. Abin mamaki, Nola ta gyara zama. Hannuwanta da suka shekara biyu a kan cinya ba aikin komai suka tashi. Ta ɗauki reshe, ta murje ganyen tsakanin yatsu, ta kai hanci, ta ajiye. Ta ɗauki wani. Ɗakin ya cika da ƙamshin daji, mai yaji-yaji kamar man zafi.

"Wanne ne tauraro, Nola?"

Ba ta ko yi jim ba. Ta ɗaga lamba tara. "Wannan mana. Kai ba ka da ido ne, bawan Allah?"

Ya rubuta tara a bayan hannunsa. A bakin ƙofa Marisol ta rage murya. "Baba, kada ka ɗora kaya da yawa a kan maganarta. Jiya ni ce ƙanwarta, shekaranjiya kuma ɓarauniyar silifas ɗinta."

Maganar ta tsaya masa. Lahadi ta gaba ya sake yanko rassan, sababbi, daga itatuwan nan talatin. Nola ta murje, ta shinshina, ta miƙo masa ashirin da uku da ƙarfin zuciya irin na wancan makon. Kafin ya tashi ta ƙara masa da huɗu. A Lahadi ta uku ta ɗauki goma sha shida ta rungume a ƙirji, tara kuwa ta jefar da shi ƙasa ta ce ciyawar banza ce, wa ya kawo mata shara ɗaki. Merv ya sunkuya ya tsince reshen ya mayar bokiti. Ya tuƙa zuwa gida rediyo na faɗin farashin ulu, ya saurara har ƙarshe. Saura kwana biyar.

"To wanne ne?" in ji Darryl.

"Tara. Ashirin da uku. Huɗu. Sha shida."

"Baba, wannan ai lambar waya kake ba ni."

"Zan kewaye su duka."

"Har yanzu fa matan nan suna gari, ba su yi hijira ba."

"Ɗauro mini garma a tsohuwar tarakta. Ni zan yi."

Ran Alhamis ya yi aikin. Ya sauke faifan garma a turken kudu ya ja, itatuwa na karyewa ƙarƙashinsa ƙas-ƙas, ƙamshin nan na tasowa har ya cika masa maƙogwaro. In ya hango lamba tana lilo sai ya karya kan tarakta ya shiga ciki, ya yi wa itacen da 'yan uwansa ƙawanya mai faɗi, ya dawo bakin waya. Sau huɗu ya yi haka. Tsakanin kwana da kwana kuwa ya miƙe sak, yadda hannunsa ya saba, ya koma ya sake bi har ƙasa ta fito fari fat. Wasu baƙaƙen aku suka tashi daga cikin dajin suna ta kururuwa. Bai ji komai a ransa ba sai yunwa, ya ci burodinsa a kan tarakta.

Kerryn ta zo dubawa da Asabar. Ta tsaya a kan motarta ta dafa ƙugu. "Baba Merv, wannan hanyar wuta ce ko maciji ne ya sha giya?"

"Mita uku ce."

"Mita uku ce kam, na auna. In gobara ta zo nan jiri zai kashe ta." Ta sa hannu a takarda ta tafi tana dariya, kafin mako ya zagayo duk yankin an ji labari. Merv bai kula ba.

Nuwamba ta wuce, alkama ta yi ja. Injin girbi ya shiga gona, ƙura ta tashi, manyan motoci suka fara zirga-zirga. A mako na biyu na Disamba, wata Laraba da safe, Darryl ya tsaya a ƙofar gidan uban da mota tana ruri.

"Baba, direbana bai zo ba. Ka riƙe mini motar kwasa zuwa azahar."

"Yau ba zan iya ba."

Darryl ya kashe mota. "Ba ka da lafiya ne?"

"Lafiyata ƙalau. Shingen baya za ni."

Darryl ya bi shi da kallo. Tun da ya yi wayo bai taɓa jin ubansa ya ce a'a ga girbi ba.

Merv ya ɗauki kwalbar jam daga kan kanta, ya zuba ruwa rabi, ya bi hanyar wutar da ƙafa. Tun ƙarfe bakwai rairayi ya fara ƙona tafin takalmi. A kwanar farko lamba huɗu na nan tana lilo a jikin itacenta, kore shar, ba fure ko ɗaya. Tara ma haka. Goma sha shida ya yi wasu 'yan ƙwallaye masu tauri kamar kashin tunkiya. Ya tsaya ya dube su sosai, ko za su zama wani abu in an matsa musu da kallo. Ya wuce, ya shiga miƙaƙƙen wurin da ke tsakanin sha shida da ashirin da uku, inda ya fi jin daɗin aikinsa ran nan don ba abin da ya tare shi.

Daga nesa ya hango launin. A jikin wayar shinge, a ɗan taƙin da faifan garma bai kai ba, itace biyu ne a tsaye, tsirarun nan marasa fasali, sun rufe ruf da taurari har ba a ganin reshe. Ruwan hoda mai duhu, gashi rawaya a tsakiya, ƙudan zuma na ta kai da komo. Ya san su nan take, ai ya sha ture su ya ɗauki gishiri.

Ya juya ya dubi gefen hanyar, inda garma ta tara abin da ta tuge. Busassun rassa ne sirara, irinsu sak, saiwoyi a sama. Ya leƙa cikin dajin ko akwai saura. Babu. Daga mita uku zuwa ciki manyan itatuwa sun rufe ƙasa, su kuwa ashe farin rairayin bakin shinge kaɗai suke so, inda rana ke dukansu. Ya fara ƙirga kututturan biyu-biyu yadda ake ƙirga tumaki a ƙofa, don hannunsa bai san wani abin yi ba. Ya kai ɗari da goma sha biyu ya daina.

Ya tsaya yana jiran abin ya zo masa. Ya san a nan ne ya kamata mutum ya ji wani abu. Ya jira kamar yadda ya sha jiran hadari a bakin rumfa, ba abin da ya zo. Ƙuda ya sauka a leɓensa ya kore shi. Ya fito da wuƙa ya yanki reshe uku kacal, biyu daga babban, ɗaya daga ƙaramin, ya sa a kwalba. Ya koma gida ya canza riga, ya maƙale kwalbar tsakanin cinyoyinsa ya kama hanyar gari.

"Yau Laraba fa, Baba Merv," in ji Marisol. "Ko kai ma ka fara ne? Akwai gado kusa da nata."

Ya wuce ta. Nola na zaune a kujera ta fuskanci taga. Ya ajiye kwalbar a gabanta.

"Taurarina!" Ta kama kwalbar da hannu biyu. Muryar ma ba ta gidan tsofaffi ba ce, tata ce ta da, ta ɗakin girki. "Ka je shingen baya ke nan. Wajen tsakiya, inda rairayi ya fi fari, in ka wuce turken da ya karkace. Ai ba za ka ce su ba ne in ba su yi fure ba, munana ne kamar me. Sun fi ɗari, na ƙirga." Ta ɗago ta dube shi fuska a sake. "Suna nan duka?"

Merv bai taɓa yi mata ƙarya ba, ko a kan ruwan sama, ko a kan yawan tumakin da suka mutu a shekarar fari. Bai iya ba ne ma.

"Biyu suka rage, Nola. Na bi ta kansu da garma."

Ta zuba masa ido. Sai ta fashe da kuka irin na yaro, da ƙarfi, ba rufe fuska. "Me suka yi maka? Wa ya aike ka? Wa ya ba ka izinin shiga gonar mutane?" Ta ja kwalbar jikinta har ruwa ya zube mata a riga. "Don ka ga mijina yana girbi ne. Wallahi da Merv na nan da ba ka isa ba. Shekara hamsin bai bari ko akuya ta taɓa mini wurin nan ba."

A nan ya zo masa. Ba a hankali ba, gaba ɗaya, na shekara biyu da na hamsin ɗin duka. Baƙin ciki ne da kunya, suka kama shi a ƙirji har ya kasa jan numfashi. Ya laluba bakin gado ya zauna. Hawaye suka riƙa bin tsagun fuskarsa. Marisol ta leƙo, ta ga abin da ta gani, ta ja ƙofa a hankali.

Kukan Nola ya yi ta raguwa har ya tsaya. Ta share hanci da bayan hannu. Ta dubi taga, ta dubi jiƙaƙƙiyar rigarta da mamaki. Sai idonta ya faɗa kan kwalbar da ke cinyarta, fuskarta ta washe.

"Taurarina! Bawan Allah, kai ka kawo? Ka je shingen baya ke nan. Sun fi ɗari fa. Suna nan duka?"

Merv ya dubi taurarin da ke cikin kwalbar.

"Suna nan, Nola."

"Duka?"

"Duka."

Sau shida ta tambaye shi kafin a kawo shayin la'asar, sau shida ya ce suna nan.